Yadda za ka zaɓi sana'ar da za ta riƙe ka a Legas

Yawancin matasanmu da ke sauka Legas da ɗan jari a aljihu sukan faɗa cikin sana'ar da suka tarar ɗan garinsu yana yi, ba tare da sun duba ko kasuwar tana da sauran gurbi ba. Shi ya sa za ka ga masu tireda biyar a layi ɗaya a Agege ko Idi-Araba, duka suna sayar da biskit da sabulu, kowa yana karya farashi domin ya ja mai saye guda. Kafin ka kashe ko sisi, fara da tantance wanda za ka sayar wa, sannan ka nemi kayan da yake buƙata.

A ɗauki albasa a misali. A kasuwar Mile 12 akwai manyan diloli da ke sauke ta tirela-tirela daga Aliero da Sakkwato, kuma mai ƙaramin jari ba zai iya goga kafaɗa da su a farashi ba. Amma wanda ya yanke cewa zai riƙa kai wa gidajen abinci goma a Ikeja ko Surulere albasa da tattasai da attaruhu, a tsince, kafin ƙarfe bakwai na safe, ya samu gurbin kansa, domin yana raba mai dafa abinci da wahalar sammako da cunkoson hanyar Ikorodu, kuma a garin nan mutane suna biyan kuɗi a kan wannan da daɗin rai.

Daga nan sai ka duba abin da kake da shi wanda maƙwabcinka ba shi da shi. Bahaushe a Legas yana da harshe da sanayya a Arewa, wato zai iya sarin citta daga Kudancin Kaduna, ko zoɓo da aya da kilishi, kai tsaye daga hannun wanda ya yarda da shi. A ganina sabon shiga ya fi dacewa da busasshen kaya irin waɗannan, saboda suna jure jira. Tumatir kuwa ba ya haƙuri da kowa. Idan mota ta kwana a hanya, ka buɗe kwando ka ga na ƙasa ya fara tsatsafo da ruwa, to dole ka sayar yadda aka taya. Haka ragunan layya: cinikinsu yana ƙarewa da Babbar Salla, wadda Yarabawa ke kira Ileya, kuma duk ragon da ya yi kwantai yana cin dusa ne daga cikin uwar kuɗinka.

Lissafin riba shi ne wurin da aka fi yaudarar kai. Ka rubuta kuɗin sari, da na mota, wanda ya tashi sosai tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da ladan 'yan dako, da tikitin kasuwa, da kason abin da zai lalace. Idan shago kake nema, ka sani cewa masu gida sukan nemi hayar shekara guda a dunƙule, ban da la'adar dillali da kuɗin rubuta yarjejeniya.

Ka tambayi matsayin doka tun da wuri. Waɗanda suka zuba jarinsu a babur sun ji jiki lokacin da gwamnatin jihar ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Apapa da Eti-Osa, daga 1 ga Yunin 2022. Abincin da aka ƙulle a leda da suna, kamar kilishi ko yaji, yana buƙatar lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kafin manyan kantuna su karɓa, sunan kasuwanci kuma ana yi masa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, saboda haka ka ware abin da bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na jarinka ba, ka yi ciniki na wata guda da littafi a hannu. Ka ƙirga mutum nawa ne suka dawo saye karo na biyu da na uku, da kuma nawa ne suka biya nan take ba tare da neman bashi ba. Idan shafin bashi ya fi na tsabar kuɗi tsawo a ƙarshen watan, ka canza mai saye ko unguwa kafin ka taɓa ragowar jarin.