Yadda Za a Gane Cutar Fangas ta Hanci Kafin Ta Kai Ƙwaƙwalwa

Duk mai jinyar mai ciwon suga ya kamata ya san cewa akwai ciwon hancin da ba mura ba ne, wanda likitoci ke kira mukomaikosis. Ƙwayoyin fangas da ke haddasa shi suna cikin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye da burodin da ya yi funfuna, kowa kuma yana shaƙar su lafiya lau, sai wanda garkuwar jikinsa ta raunana, kamar wanda suga ya hau masa ba a kula ba, ko mai sankarar jini, ko wanda ya daɗe yana shan deksametason, wato wani maganin rage kumburi. A shekarar 2021, lokacin annobar korona, fiye da mutum 40,000 suka kamu da mukomaikosis a Indiya, galibinsu masu suga da aka bai wa irin wannan magani. Wannan abin dubawa ne a wurinmu, inda ake sayen ƙwayoyin deksametason a kemis babu takardar likita, wasu ma don neman ƙiba kawai.

Abin da za a fara lura da shi shi ne ciwon kai ko na fuska a ɓari ɗaya, tare da toshewar hanci da majina mai jini-jini. A haska tocila cikin hanci da ganɗa, domin baƙin tabo a nan alama ce ta naman da ya mutu, ko da yake rashin ganinsa ba ya nufin an tsira. Daga nan a dubi ido da kyau. Idan fatar ido ta sauko ta ƙi ɗaguwa, ko idon ya turo waje, ko majinyaci yana ganin abu bibbiyu, ko kumatunsa ya daina jin taɓi, to cutar ta riga ta kai kogon ido ko ta kama jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Fangas ɗin yana kutsawa ne cikin hanyoyin jini yana toshe su, kuma tsakanin kogunan hanci da ƙwaƙwalwa siririn ƙashi ne kawai, shi ya sa cikin 'yan kwanaki sai a ga ruɗewa, ko jijjiga, ko shanyewar ɓarin jiki.

Da an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi babban asibitin da ke da likitan kunne da hanci da maƙogwaro a ranar, kada a tsaya sirace ko ɗiga magani a ido. A gaya wa likita duk ƙwayar da ake sha, kuma kada a yanke deksametason kwatsam sai da umarninsa. Zai leƙa hancin da na'ura, ya nemi hoton MRI, ya yanki ɗan nama domin gwaji.

Maganin shi ne amfoterisin B ta jijiya, da tiyatar cire mataccen nama, wani lokaci fiye da sau ɗaya, da saukar da suga. Ina roƙon dangi kada su jinkirta sa hannu a takardar tiyata, domin magani ba ya isa naman da jini ya daina kaiwa. Amfoterisin yana wahalar da ƙoda, saboda haka a tabbata ana auna ta a kai a kai har a gama.