Yadda Ake Auna Ingancin Bayanin Kayan Aikin da Aka Rubuta wa Wakilin AI

Wakilin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar AI da ke aiwatar da aiki da kanta kamar binciken rumbun bayanai ko biyan kuɗi, ba ya ganin kod ɗin (rubutaccen umarnin kwamfuta) da ke bayan kayan aikinsa, wato ƙananan manhajojin da yake kira don su yi masa waɗannan ayyuka. Abu uku kawai ake miƙa masa: sunan kayan aikin, bayaninsa a rubuce da harshen mutane, da tsarin guraben da zai cike, wanda galibi ake yi da JSON Schema, wata hanya ta fayyace irin bayanin da kowane gurbi ke karɓa. Haka abin yake tun da kamfanin OpenAI ya fito da tsarin kiran kayan aiki a watan Yunin 2023, haka kuma yake a ƙa'idar MCP ta haɗa wakilai da kayan aiki, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Saboda haka idan wakili ya yawaita kuskure, a fara duba abin da aka rubuta masa kafin a ɗora masa laifi.

Da farko, ɓoye kod ɗin. Ka ba abokin aikinka da bai san aikin ba sunan da bayanin kaɗai, ka tambaye shi: me wannan yake yi, yaushe ake kiransa, yaushe bai kamata a kira shi ba, kuma me yake dawowa da shi? Duk inda ya yi kame-kame, nan wakilin zai yi tuntuɓe. Bayani irin "yana nemo oda" ba ya tsallake wannan gwaji. Da lambar oda ake nema ko da lambar wayar mai saye? Har da odar da aka soke?

Daga nan sai gurabe, kuma a ganina nan ne ɓarna ta fi yawa, don kuskuren gurbi ba ya ihu, aiki yana tafiya kamar lafiya lau. Ɗauki gurbin adadin kuɗi. Kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Paystack da kwabo yake karɓar adadi, takwaransa Stripe ma da ƙaramin ma'aunin kuɗi kamar santi na dala. Idan bayanin ya ce "adadi" ya yi shiru, wakili zai iya tura 5000 yana nufin naira dubu biyar, a caji naira 50. Bayani mai kyau zai ce da kwabo ne, ya ba da misali: naira 5,000 ita ce 500000. Kwanan wata ma haka. A Amurka 03/04/2025 na nufin 4 ga Maris, a Najeriya da Ingila 3 ga Afrilu ne, don haka a fayyace tsarin ISO 8601, wato 2025-04-03. Inda zaɓin ya taƙaita, kamar "an biya", "ana jira", "an soke", a jera su cikin tsarin guraben. Idan kuma gurbi na son lambar shaida, a faɗi kayan aikin da ke bayar da ita, in ba haka ba wakilin zai iya ƙirƙiro tasa.

Na uku, jera kayan aikin kusa da juna. Idan biyu sun yi kama har kai kanka sai ka tsaya tunani, ko ka haɗe su ko kowanne ya faɗi abin da ya raba shi da ɗan'uwansa.

Duk wannan karatu ne, gwaji na zahiri shi ke yanke hukunci. Rubuta buƙatu ashirin zuwa talatin yadda masu amfani ke rubutawa, da kuskuren rubutu da gutsuren jimla, da Hausa ma idan da Hausa za su yi magana. Saka waɗanda ba sa buƙatar kiran komai, da waɗanda bayaninsu bai cika ba, inda abin da ya dace shi ne wakilin ya yi tambaya. Ma'aunin kiran kayan aiki na jami'ar Berkeley ma yana duba ko manhaja ta san lokacin da za ta ƙi kira. Maimaita kowace buƙata sau da yawa, tunda amsar kan sauya, kana rubuta ko kayan aikin da ya zaɓa daidai ne, ko ya cike guraben daidai, da yawan kiran da ya yi kafin ya gama.

Kada ka tsaya a ƙidayar nasara da faɗuwa. Karanta tarihin kiraye-kirayen ɗaya bayan ɗaya, ka lura da saƙon kuskuren da ke komawa wa wakilin. "Kuskure 400" bai koya masa komai ba, amma "kwanan wata ya zama shekara-wata-rana" zai sa ya gyara nan take. Ka gyara abu ɗaya a lokaci guda sannan ka sake gwaji, ka kuma ajiye wasu buƙatun gefe da ba ka duba su lokacin gyara, don ka tabbatar bayanin ne ya inganta.

Idan kayan aikin daga wani waje ka ɗauko shi, karanta bayaninsa kaf har ƙarshe. A watan Afrilun 2025 masu bincike na kamfanin tsaron AI mai suna Invariant Labs sun nuna yadda ake ɓoye umarni cikin bayanin kayan aikin MCP, wakili ya karanta ya bi, ya kwashi fayilolin sirri, alhali mai amfani taƙaitaccen bayani kawai yake gani a allonsa. Adana kwafin bayanin da ka amince da shi, ka riƙa kwatanta shi da sabo duk lokacin da aka sabunta kayan aikin.