Kurakuran da aka fi yi wajen sa wa tsuntsaye masu ƙaura zobe a lokacin kaka

Masu bincike kan kama tsuntsaye da raga mai siririn zare, su sa musu zobe mai lamba a ƙafa, su sake su don bin diddigin ƙaurarsu. Babban kuskure shi ne buɗe ragar da ta fi ƙarfin hannayen da ke wurin. A kaka tsuntsaye kan sauko tari guda bayan tafiyar dare, kafin ka ankara aljihunan raga sun cika. Kada tazarar zagayen dubawa ta wuce minti 30, a rage ta idan akwai sanyi ko rana ta yi zafi. Da an fara yayyafi a naɗe raga, domin tsuntsun da gashinsa ya jiƙe sanyi na kama shi nan da nan. Idan aiki ya yi yawa, a rufe wasu ragogin, a sa zobe a saki ba tare da awo ba.

Wajen cirewa daga raga, masu koyo kan ja tsuntsu ta ɓangaren da bai shiga ba, zaren ya ƙara sarƙewa. Fara gano ta inda ya shiga, ka nemi cikinsa, ka warware ƙafafu, sannan fiffike ɗaya, kai, da ɗaya fiffiken. Duba harshe, zare yakan maƙale a bayansa. Riƙo kuwa, wuya tsakanin yatsan nuni da na tsakiya, sauran yatsun su kewaye jiki sako-sako. Matse ƙirji yana hana shi numfashi. Kowane tsuntsu da jakarsa ta auduga, a rataye a inuwa, ba a ƙasa ba.

Zoben da aka rufe daidai yana juyawa, yana hawa da sauka a sangalin ƙafa. Idan bakinsa ya bar giɓi zai kama zare ko ciyawa. Idan ya hau kan juna zai ci ƙafar. Matsa zoben a ramin filaya da ya dace da girmansa, ka juya shi kwata, ka sake matsawa.

Sai rubutu. Mai riƙe da tsuntsu ya karanta lambar daga jikin zoben, marubuci ya maimaita da baki. Nauyi a rubuta har zuwa giram 0.1 tare da lokaci, domin yana canzawa cikin yini. Kitse kuma a hura gashin gindin wuya da na ciki a gani da ido, a ba shi maki 0 zuwa 8 bisa ma'aunin kitse na Kaiser. Shekaru kada a yi cinta: a tsarin EURING, ƙungiyar masu sa wa tsuntsaye zobe ta Turai, lamba 3 na nufin ƙyanƙyasar bana, 4 wanda ya girmi bana, idan gashin fiffike bai nuna ba a rubuta 2.