Cinikin biri a sama: inda baƙon Accra zai dosa idan cinikin intanet ya ɓaci

Duk wanda ya sauka Accra daga Kano, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram, kafin ya cika wata biyu za ka gan shi yana lalube a shafin saye da sayarwa na Jiji ko Facebook: waya, firji, katifa, babur. Ba laifinsa ba ne. Ɗaki babu ko tabarma ake ba mutum a Nima ko Maamobi bayan ya zube kuɗin hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, abin da ya rage a aljihu kuwa ba ya sayen sabo. Buɗe asusu da ɗora hoto ba sa buƙatar malami, yaran gida za su nuna maka kafin shayi ya huce. Abin da ba a koya wa baƙo shi ne inda zai dosa ranar da ciniki ya ɓaci.

Ka fara sanin irin shafin da kake ciki, domin iri biyu ne. Akwai na gwanjo na gaske irin eBay, inda ake tayi, shafin ya karɓi kuɗi, kuma yana da ikon mayar maka da su. Akwai kuma na talla kawai, irin Jiji da Tonaton da kasuwar Facebook, kuma su ne aka fi amfani da su a Ghana. Jiji ya saye harkar shafin talla na OLX a nan a 2019, ya haɗa da Tonaton a 2022, amma tsarin bai sauya ba: shafin yana haɗa ka da mai kaya ne, kuɗinka ba ya bi ta hannunsa. In ka kai ƙara, iyakar abin da zai yi ya goge tallar ya rufe asusun mutumin. Wanda bai riƙe maka kuɗi ba, ba shi zai biya ka ba. Sababbin zuwa da yawa suna ɓata sati guda suna aika wa shafi saƙo, alhali ranar farko ce take da amfani, kuma ba can ya kamata a kai kukan ba.

Inda kuɗin yake bi shi ne MoMo, wato asusun kuɗi na layin waya, kuma a nan ne mutanenmu suka fi shan wuya, tun kafin a fara ciniki. Ana yi wa layin waya rajista da Ghana Card, katin shaida na ƙasa. Baƙon da zamansa a ƙasar ya kai kwana 90 akwai katin baƙi da NIA, hukumar katin shaida, take ba shi, da kuɗi ake yanka, kuma sabunta shi ake yi. Saboda ƙyashin wannan kuɗi, sai ka ga mutum ya karɓi layin ɗan mai gidansa, ko na wani abokin zama a majalisa, ko mafi muni ya sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wanda bai taɓa gani ba. Komai zai tafi daidai har ranar da za a damfare shi. Ranar nan zai je ofishin kamfanin waya, a ce ya kawo kati, sunan kati daban, sunan asusu daban, a ce masa mai asusun ne zai zo. Mai asusun kuwa ya tafi Bawku jana'iza, ko ya koma Yamai, ko babu shi sam. In kai ne mai sayarwa ma haka: mai saye zai danna lambarka ya ga wani suna ba wanda ka faɗa masa ba, mai hankali zai janye nan take. In kuma ainihin mai katin ya je ya ce layinsa ya ɓata aka sake masa wani, kuɗin da ke ciki a hannunsa suke, ba ka da takardar da za ka nuna. Don Allah, ɗan'uwa, kafin ka sayi komai mai tsada, ka mallaki layi da sunanka. Wanda bai daɗe da shigowa ba yana iya yin rajistar wucin gadi da fasfo, kafin ya yi katin.

Wannan sunan da yake fitowa kafin ka sa lambar sirri shi ne shaidarka ta farko. Ka tsaya ka karanta. In ya ce maka sunansa kaza, MoMo ya nuna wani, ya ce "na matata ne" ko "na yarona ne a shago", ka ce ya ba ka nasa. In ya kawo lambar wakilin MoMo ya ce ka cire kuɗi ta can, ka bar cinikin: kuɗin da aka zare a hannun wakili bin sawunsu ya fi wuya. Wanda kuma ya ce ka ƙara wani abu don E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya, ka sani an soke shi tun Afrilun 2025.

Shaida ta biyu ita ce tallar kanta. Ɗan damfara yana goge talla da zarar kuɗi ya shiga, don haka tun kafin ka biya ka ɗauki hoton allon: hoton kayan, farashi, bayanin da ya rubuta, sunan asusu, lambar waya. Maganar da kuka yi a baki ka maimaita ta a rubuce a WhatsApp, ka sa ya amsa: kaya kaza, sidi kaza, yana aiki, in ya ƙi aiki cikin kwana uku zan dawo da shi. Mutanenmu suna jin nauyin wannan, wai kamar rashin yarda ne, musamman in mai kayan ya yi sallama ya kira su da Alhaji. Jin Hausa ba shaidar gaskiya ba ce a Accra. Rabin garin yana iya gaisuwa da ita.

To, an riga an tura kuɗi, waya ta koma a kashe. Kada ka zauna kana sake kira, kada kuma ka aika masa zagi, gargaɗi kake masa ya kwashe kuɗin. Ka kira kamfanin layinka a take, na MTN lamba 100 ce, ka ce damfara ce, ka ba da lambar shaidar tura kuɗi da take cikin saƙon da ya shigo maka, da lokaci, da adadi. In kuɗin suna cikin asusun ana iya tsare su, in an zare sai dai bincike, shi ya sa sa'ar farko ta fi sati mai zuwa daraja. Ka nemi lambar ƙorafinka ka rubuta. Daga nan ka kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, wadda dokar 2020 ta kafa. Sannan ka je ofishin 'yan sanda na yankinka da hotunan a buge a takarda, ba a cikin waya kawai ba, ka ba da bayani a rubuce. Kamfanin waya ba zai ba ka bayanin mai asusun ba, 'yan sanda da kotu yake ba. In kuɗin masu yawa ne, akwai sashen laifukan intanet a hedikwatar CID, 'yan sandan bincike, a nan Accra. In kuma kamfanin kuɗin ko banki ne ya yi biris da ƙorafinka, ƙa'idar Babban Bankin Ghana ta ba su kwana 20 na aiki, bayan haka kana iya kai maganar can.

Gaskiya dai, ba kowane kuɗi ne yake dawowa ba. Amma wanda ya bi waɗannan a ranar yana da rabo, wanda ya bari sai bayan Juma'a ba shi da shi.

Akwai bambanci da yake rikita baƙi a gaban kantar 'yan sanda. Wanda ya karɓi kuɗi a kan kayan da babu su, laifi ya yi, aikin 'yan sanda ne. Wanda ya kawo maka firji amma ya daina sanyi bayan kwana biyu, wannan saɓanin ciniki ne, za su iya ce maka ka je kotu. Kotun gunduma tana jin irin wannan, kuma tana iya tura ku sulhu kafin shari'a. Sai dai ka yi lissafi, kada ka kashe kuɗin mota da ranakun aiki da suka fi kuɗin firjin. In mutumin yana da shago, ko an san shi a Sabon Zango, Fadama ko Madina, a nan zango yake nuna amfaninsa. Mai unguwa, limami ko shugaban 'yan kasuwar layin suna raba gardama da yamma ɗaya wadda kotu za ta ja wata da watanni, domin ɗan kasuwa ya fi tsoron zubewar mutunci a layinsa fiye da sammaci. Amma su ma shaida za su tambaya. Kuma kada ka kwashi samari ku je ƙwato kaya da ƙarfi. Kai baƙo ne, daga mai ƙara sai ka koma wanda ake tuhuma, a fara tambayar takardun zamanka.

Waya ita ce ta fi jawo rigima, don haka a tsaya a kanta. Ku haɗu da rana a wurin jama'a, gidan mai ko cikin babban kanti, ba lungu ba. Ka danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka gwada ta da ta jikin kwali. Ka sa layinka ka yi kira, domin wasu wayoyin da aka shigo da su daga Amurka a kulle suke da kamfanin can. In iPhone ce, ya cire asusunsa na iCloud a gabanka, a goge wayar a sake kunna ta kana kallo. In Android ce ya cire asusun Google. "Zan turo maka lambar sirrin da dare" magana ce ta wanda ba shi ne mai wayar ba. Bayan ka gwada, kada wayar ta sake komawa hannunsa, ko da sunan zai sa maka ita a kwali. A wajen Circle, kasuwar wayoyi ta Accra, tsohuwar dabara ce a musanya ta a wannan daƙiƙa. Sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da IMEI, da sunansa, da lambarsa. Dokar laifuka ta Ghana ta 1960 ta hukunta karɓar kayan sata, kuma arahar da ta wuce hankali ita ce abin da za a fara kafa maka hujja da shi ranar da aka biyo sawun wayar har ɗakinka.

In kai ne mai sayarwa, abin da zai cinye ka saƙon bogi ne. Za a nuna maka allo ko a turo saƙo mai kama da na MoMo. Kada ka duba saƙo, ka duba kuɗi: a layin MTN danna *170# ka ga ragowar asusunka da idonka. Wani zai kira yana kuka wai ya yi kuskure ya turo maka fiye da kima, ka mayar. Ka ce ya kira kamfani su janye. In wayarka ta nemi ka sa lambar sirri alhali kuɗi kake jira, cira ake son yi, karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri. Kayan da za ka aika Kumasi ko Tamale a mota, ka ɗauki bidiyonsu suna aiki, da lokacin naɗewa, ka riƙe takardar tasha, kuma ku yanke tun farko wa zai ɗauki asara in sun fashe a hanya. Wanda yake shirin mayar da wannan sana'a har da shago ya nemi shawarar lauya, domin dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa a kasuwa, kuma an sha rufe shagunan baƙi a kan haka.

Masu tayi a eBay, ku naku da agogo yake tafiya. In ka ci gwanjo ka ɗaure kanka, kana da kwana 4 ka biya, in ba haka ba a soke a rubuta maka a asusu. In kaya bai iso ba, ko ya zo ba yadda aka siffanta shi ba, kana da kwana 30 ka buɗe ƙorafi a cikin shafin, mai kaya yana da kwana 3 na aiki ya amsa, daga nan ka nemi eBay ya shiga tsakani. Matsalar ita ce yawancin mutanenmu ba Accra ake aiko musu kai tsaye ba, adireshin wani ɗan'uwa a Bronx ta New York ko na kamfanin jigila suke bayarwa. Kwana 30 ɗin daga isar kaya can suke fara ƙirguwa, kuma kariyar ba ta bin kayan da aka sake turawa wani wuri. Kafin jirgin ruwa ya iso tashar Tema lokaci ya ƙare. Mafita ita ce wanda ya karɓa a can ya buɗe, ya gwada, ya ɗauki hoto kafin ya sa a kwantena. Mai kayan da ya ce ku fita daga shafin ku gama a WhatsApp don ragi, kariyarka yake saye da ragin. Kada kuma ka rufe ƙorafi a kan alkawari, sai kuɗi sun shigo. Bankin da ya ba ka kati ma yana iya neman a dawo da kuɗi, amma ka bar shi a matsayin matakin ƙarshe, domin da ka bi ta can eBay zai janye hannunsa. Kayan wutar Amurka kuma na volt 120 ne, namu 230, wanda ya jona ya ƙone ba shi da ƙara.

Motocin gwanjo na kamfanonin Amurka, Copart da IAA, a yadda suke ake sayar da su, babu mayarwa. Rigimarka da dillalin da ya yi maka tayi ce, don haka a rubuta lambar jikin mota mai harafi 17, da iyakar tayin da ka amince, da la'adarsa, da wanda zai biya kuɗin ajiya in an makara ɗauka. Wanda kuma ya kira ka ya ce shi jami'in kwastam ne a Tema, akwai mota a gwanjo da rabin kuɗi, ka tura kafin alƙalami ta MoMo a ajiye maka, kashe wayar kawai. Kuɗin hukuma ba ya shiga asusun mutum.