In Soulseek ta ce maka "Banned", duba foldarka tukuna

Ranar Talata ƙanena ya shigo shagona a Samaru, rai a ɓace, wai wani Bature ya ci masa mutunci a Soulseek, dandalin da mutane ke musayar waƙoƙi da sauran fayiloli kai tsaye daga kwamfutocinsu. Na karɓi kwamfutar na duba. Babu wanda ya zauna ya rubuta masa komai. Manhajar mutumin ce ta turo saƙon "Banned", wato an toshe shi, da kanta, shi kuwa mai yiwuwa barci ma yake yi.

Abin da nake fara dubawa shi ne, kai me ka buɗe wa mutane? Harkar nan aikin gayya ce, kowa da fartanyarsa yake zuwa. Masu amfani da Nicotine+, ɗaya daga cikin manhajojin shiga Soulseek, suna da wani ɗan ƙari da ake kira Leech Detector, yana ƙirga fayiloli da foldojin da kake rabawa. In bai ga komai ba sai ya turo maka gargaɗi, daga nan mai shi ya toshe ka in ya ga dama. Na ƙanena ko ɗaya babu, don foldar da ya zaɓa tana kan filas ɗin da ya manta a gida Tudun Wada. Muka zaɓi wata a cikin kwamfutar, muka sa manhajar ta sake ƙirgawa.

Sannan ka karanta kalmomin da kyau. "Too many files" ko "Too many megabytes" ba kora ba ce, ka cika layi ne. Rage abin da ka jera, ka jira. In saƙon ya ambaci ƙasarka, adireshin IP ɗinka, wato lambar da kake fita da ita intanet, aka duba, roƙo ba zai yi maka amfani ba. Ga wani abin haushi kuma: mu masu shiga intanet da layin waya, mutane da yawa ke fita da adireshi ɗaya, sai laifin wani a Kwangila ya shafe ka a Samaru.

Mutum ɗaya ne ya rufe maka ƙofarsa, sauran suna nan. Kada ka yi ta danna sake gwadawa, kada kuma ka canza suna ka koma masa, an san wannan dabarar. Rubuta masa layi biyu, ka ce ka gyara.

Haka ƙanena ya yi. Sai da aka kwana biyu kafin mutumin ya buɗe masa, har shi mutumin ya kwashi tsofaffin kaset ɗin kalangu da muka mayar cikin kwamfuta.