Yadda ake jera falo da kayan hannu na gida ba tare da ya koma shagon dukawa ba

Kusan duk wadda ta zo min da maganar tana son falonta ya yi kalar gargajiya sai in tarar ta riga ta yi sayayya, tumtum huɗu, faifai goma sha, ƙwarya, buzu, har da turmi wai na ado, sannan take tambaya ina za a sa su. To ai an gama, kuɗi sun riga sun tafi. Don haka 'yar uwa dan Allah ki ajiye jakarki tukuna. Ba zan tsaya koya miki shara da goge-goge ko yadda ake auna ɗaki da tef ba, wannan kowa ya iya.

Abu na farko, ki rage kaya kafin ki ƙara. Ki tsaya bakin ƙofa ki tambayi kanki tsakani da Allah, a gidan nan ina mutane ke zama? Don a Sakkwato dai mun san kanmu, da an shiga watan uku zuwa na biyar zafi ya haura digiri 40 ga ba wuta, babu mai zama kan kushin, kowa zamewa yake ƙasa ya jingina da ita. In haka gidanki yake to ƙasa za ki kashe wa kuɗi ba kujeru ba. Kushin mai cin mutum uku ɗaya da mai cin mutum ɗaya guda biyu sun isa saboda baƙi da tsofaffi masu ciwon gwiwa, sauran ki sayar ko ki kai wani ɗaki. Furannin roba, hoton ruwa mai gangarowa, tebur ɗin gilas na tsakiya da yara ke buga goshi, duk su fita. In amarya ce ke na san ba ke ke da magana ba, gwaggonni da 'yan jere za su cika ɗakin dam don kada a ce an yi rowa, kar ki yi musu gardama, ki bari a watse a kwana biyu sannan ki yi naki a hankali.

Na biyu launi, kuma ba zan ja shi ba. Jar fatarmu tana da ƙarfi a ido, ita kaɗai ta isa ado, saboda haka bango ya zama fari ko ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske, labule ya zama mara zane. Bango ruwan hoda ko takardar bango mai furanni da jar fata ba sa zama ɗaki ɗaya, ni a wurina wannan ba abin shawara ba ne. In ba ki da kuɗin fenti yanzu ki fenta bango ɗaya kawai wanda ido ke fara sauka a kai in an shigo, sauran su jira.

Yanzu sayen fata, kuma a nan zan daɗe don a nan ake cutuwa.

Ki sani cewa abin da kike shirin saye ba ƙaramin abu ba ne. Fatar jar akuyar Sakkwato tun zamanin fatake ake ɗaukarta a raƙuma a ƙetare hamada da ita zuwa arewacin Afirka, daga can ta wuce Turai su yi bangon littattafai masu tsada, har suka riƙa danganta ta da Maroko saboda ta can take isa gare su. Majema su jeme ta da bagaruwa, dukawa su rina su ɗinka, kuma har gobe ana yi a cikin gari, ki je Shiyar Madunka ki gani da idonki. To amma fa ba duk abin da aka rataya a kasuwa aka ce miki fata ne yake wannan fatar ba, kuma mai sayarwa ba zai ce miki a'a ba.

In kin ɗauki tumtum kar ki tsaya kallon adon samansa, ki buɗe zif ko bakin ki juya cikinsa waje. Fata ta gaskiya bayanta gashi-gashi ne mai ɗan kaushi, in kika ga bayan yadi ne ko wani fari mai santsi to leda ce, ki ajiye. Leda a zafin garin nan ba ta daɗewa sai ta fara ɓarewa tana manne wa mutane a zane. Sai ki duba akuya ce ko tunkiya. Ta akuya tana da 'yan ƙananan ƙuraje-ƙuraje a fuskarta in kin kai ido kusa, in kin ja ta tana da tauri ba ta miƙewa sosai. Ta tunkiya ta fi laushi, ta fi daɗin taɓawa, shi ya sa sababbin shiga ke ruɗuwa su zaɓe ta, amma tana miƙewa kuma wurin ɗinki take fara yagewa. Ta tunkiya ba laifi a filon jingina, amma abin da ƙato zai zauna a kai kullum akuya ake nema. Mai sayarwa zai ce miki Hajiya wagga hwata ta akuya ta, ke dai ki ce to Baba, ki ja ki gani.

Sai ki shinshina. E, a gaban mutane, ba kunya. Kowace fatar gida tana da ɗan ƙanshinta na jima kuma wannan yana fita, amma akwai wari mai ɗoyi-ɗoyi irin na fatar da aka yi wa gaggawa ba ta jemu ba, shi wannan ba ya fita, ko kin ƙarar da turaren wutar garin nan a kai sai dai su haɗu su ba da wani abu daban, kuma da damina ta faɗi ɗaki ya ɗau danshi yake dawowa sabo. Na ga falo da yawa da aka kashe musu kuɗi amma maigida ya daina zama saboda wannan, a ƙarshe tumtum ya koma sito. In hancinki ya yi shakka ki bar shi komai arha.

Sai rini. Ki je da ɗan farin ƙyalle a jaka, ki jiƙa shi kaɗan, ki goga a gefen da ba a gani. Da can ja daga karan dafi ake samunsa, rawaya daga gangamau, baƙi kuma kuloko, yanzu galura ta yi yawa don ta fi sauri ta fi arha. Ba na ce duk mai galura ba shi da kyau ba, amma in ƙyallenki ya fito jawur to haka farar shaddar maigida za ta fito ranar Juma'a in ya zauna da zufa. Ɗan dishi-dishi ba komai, jawur kuwa a'a. Kuma ki sa farce ki taɓa adon, wanda aka yanka fata kala-kala aka ɗora aka ɗinke, ko aka saƙa siraran fata a ciki, shi ne aiki, wanda aka zana da fenti kawai gogewa zai yi. Ki ja ɗinkin gefe da hannu biyu, in kin hango haske ta tsakanin ɗinki to da an cika shi zai buɗe.

Maganar kuɗi kuwa, ni na fi son a ba da aiki a kan a sayi na rataye. Ki zauna da baduku ki gaya masa faɗin tumtum ɗin da kike so da launi biyu kacal, ja da baƙi, ko ja da ruwan fatar kanta, in dagi kike so a tsakiya guda ɗaya ya isa, don in kin bar shi da son ransa sai ya zuba miki kore da rawaya da fari duka. Ki ba da kafin alƙalami kar ya wuce rabi, kuma kar ki kai aiki ana gab da sallah, lokacin hankalinsu na kan kayan doki da takalma, naki zai sha jira ko a yi miki shi a gurguje. Kar kuma ki matse shi a ciniki har ya rasa riba, ba zai ce miki komai ba, a fata zai rama. Biyu masu kyau sun fi shida na banza, in kuɗin ɗaya ke gare ki ki sayi ɗayan, bayan wata uku ki koma wurin mutum ɗaya ya yi miki ɗan uwansa. Abin da ya sa nake nacewa, in ɗinki ya warware bayan shekaru kin san inda za ki kai a gyara da ɗan canji, kushin ɗin leda kuwa in ta ɓare sai dai a sake mata riga gaba ɗaya.

Kin kawo gida, kar ki cika shi ranar. Ki juya cikinsa waje ki shanya a inuwa inda iska ke wucewa kamar kwana uku zuwa mako. A inuwa na ce. Ranar Sakkwato in ta daki fata tana busar da man jikinta ta tsage, jan ma ya koɗe.

Cikawa ma wani wuri ne da ake ɓata abu mai kyau. Ana samun masu zuba dusar katako ko ƙaiƙayi don arha, wannan gayyatar ɓera da ƙwari ne. Masu cusa ledoji kuma duk wanda ya zauna sai an ji ƙara. Soso zalla laushi yake yi mutum ya nutse tumtum ya baje. Abin da ya fi shi ne tsofaffin kaya wankakku busassu ƙarau, da yankakkun yadi na wurin tela wanda sau da yawa kyauta ma zai ba ki buhu guda. Ki cire maɓallai da zif da duk wani ƙarfe. Ki kife tumtum ɗin fuskarsa na ƙasa, ki fara shimfiɗa abu mai laushi, audugar rimi in kin samu ko soso mai faɗi, don nan ne wurin zama. Sannan ki bi gefe-gefe kina cusa yadin da dunƙulen hannu har da'irar ta tashi ta miƙe, tsakiya ce ƙarshe. Yawanci tsakiya ake fara cikawa shi ya sa kike ganin tumtum da tumbi gefensa a yamutse. Ki cika har ki ji kamar ya yi yawa, bayan mako biyu ana zama zai sauka, ki buɗe ki ƙara. Zai yi nauyi, haka ake so, ba yaron da zai mayar da shi ƙwallo.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, fatar da aka jeme da bagaruwa ba ta shiri da baƙin ƙarfe in akwai ruwa, baƙin tabo take yi wanda ba ya goguwa, ai da ƙarfe ake haɗa baƙin rinin ma. Don haka jiƙaƙƙen makulli ko wuƙa ko tire mai tsatsa kar a ɗora a kai.

Shimfiɗa kuma, tabarmar kaba mai ƙaramin saƙa, ki ɗaga ta ga rana in haske na ratsawa da yawa saƙar ta yi sako-sako. Ki duba bakin an naɗe shi da kyau, in da hali a bi bakin da fata ko yadi ya fi daɗewa. A kan tayil tana zamewa, ki sa siririyar darduma a ƙasa. Kafet mai gashi daga bango zuwa bango ni na hana, ƙurar hunturu kawai yake sha. Buzu ɗaya a kusurwa ya isa, gwado ko luru na saƙar hannu a yafa shi a bayan kushin, shi ke nan ya rufe ledar da ta fara tsufa kin huta da sayen sabuwa.

Bango, faifai biyar ko bakwai, manya da ƙanana, a bango ɗaya kawai. Ki jera su a ƙasa tukuna ki ɗau hoto da waya ki duba, sai ya yi miki sannan a buga ƙusa, ki ɗinka ɗan zare a bayan kowanne ki rataya kar a huda shi ta gaba. Ƙwarya sassaƙaƙƙiya ki ƙwanƙwasa ta kafin ki biya, in gari ya zubo ko kin ga ƙananan huji ƙwaro ya shiga. Akushi a kan 'yar kujerar katako a zuba dabino ko goro, abin da ake amfani da shi ya fi kyau a ɗaki a kan wanda aka ajiye yana shan ƙura. Randa in kina so ki sa ta kusa da ƙofa a kan mazauni da faranti a ƙasa don tana tsatsafo, nesa da fata da tabarma. Farin ƙwan fitila mai kashe ido yana sa jar fata ta yi fayau, ki sa mai ɗan rawaya ko da guda ɗaya ne a kusurwa.

Kulawa ba wuya. Busasshen ƙyalle kullum da hunturu, man kaɗe ɗan kaɗan a tafin hannu a murza a shafa farkon hunturu da ƙarshensa, ki gwada a ƙasan tumtum tukuna don yana sa launi ya ɗan yi duhu. Ban da omo, ban da folish ɗin takalmi. Da damina ki riƙa ɗaga tabarma da tumtum duk mako ki duba ƙasa saboda danshi da gara, musamman in siminti ne ba tayil ba, in kin ga farin fumfuna ki goge ki fitar inuwa ya sha iska yini guda.