Kafin ka sayi motar iyali, dubi hanyar garinku tukuna

Salamu alaikum 'yan uwa.

In yawonka bai wuce cikin Damagaram da kwaltar Maraɗi ko Matamai ba, ɗauki atomatik mai jan gaba, ka bar kat-kat, wato mai jan ƙafa huɗu. Kuɗinka za su huta.

Mai jan ƙafa huɗu ta fi nauyi, ta fi shan mai, kuma tayoyinta huɗu sai sun zama iri ɗaya, cinsu ɗaya. Ka sa sabuwa ɗaya cikin tsofaffi uku, ƙarfen da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ne zai ji jiki. Ni na sha wannan, sai da aljihu ya yi kuka.

Masu son Toyota Sienna ta Kwatano, ku leƙa ƙasanta da kyau. Yawancin Sienna masu jan huɗu ba su zuwa da safaya.

Atomatik ɗin ma ka zaro sandar man giya ka shafa a farin ƙyalle. Ja ne, madalla. Baƙi mai warin ƙuna, Alhaji, yi sallama ka wuce. Ka tuna kuma in batir ya mutu ba a tura ta ta tashi.

Amma in kowane mako kana shiga ƙauyukan Tanut ko Gure, yashi bai san mai jan gaba ba. Can kam jan huɗu ne. Ka rage iskar taya kafin ka shiga rairayi, in ka hau kwalta ka mayar.